Gorar Auna Ruwa

Bencin ƙarshe na cocinsu a Anguwan Rukuba ba shi da majingina. Ba mantuwar kafinta ba ce. Haka dattawa suka ce a yi shi tun farko, don kada wanda ke ƙarƙashin horo ya ji daɗin zama. Wata shida ke nan Datong yana kansa duk Lahadi, bayansa na ciwo, yana kallon ƙeyar mutanen da ya yi shekara talatin yana zama a tsakiyarsu.

Laifinsa kowa ya sani, shi ma bai taɓa musu ba. Bayan rasuwar matarsa Suzana gida ya yi masa faɗi, sai ya fara ratsewa gidan burukutu in ya taso daga lambu. Wata Lahadi ya shigo coci da ita a ciki, ana tsakiyar wa'azi ya miƙe ya ɗaga murya yana tambayar Allah me Suzana ta yi masa. Maza huɗu suka fitar da shi. Kwamitin dattawa ya zauna, ya yanke wata shida: ba cin Jibin Ubangiji, ba magana a taro, ba taɓa wani aiki na ikilisiya, kuma ba mai miƙa masa hannun zumunci. In yana da magana, ya kai wa Dattijo Pwajok. Ranar Lahadin Ista za a kira shi gaba, Rabaran ya kama hannunsa a gaban kowa, a mayar da shi cikin iyali.

Datong ba shi da wani iyalin. 'Yarsa ɗaya, Yael, tana aure a Lafiya. Ƙauyensu ya baro tun yana saurayi, waɗanda suka san shi can duk sun mutu. Cocin nan ne ya ɗaura masa aure, shi ya raɗa wa 'yarsa suna, shi ya rufe masa ɗaki lokacin da iska ta yaye kwanon, shi ya binne masa mata. Tun ranar da aka yanke hukuncin bai ƙara ɗanɗana burukutu ba, yana ƙidaya Lahadi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar jibi. In an gama wa'azi sakatare yakan miƙe ya ce, “Waɗanda ba sa cin jibi su ba mu wuri.” Sai Datong ya tashi ya bi baƙi waje, a rufe ƙofa, a zura sakata. Akwai wani faffaɗan dutse a gindin bishiyar mangwaro, a nan yake zama har a gama. A nan kuma yake tarar da Iya Seyi.

Sunanta Adebisi, amma ba mai kiranta da shi. Bayarabiya ce haifaffiyar Jos, ƙatuwar mace mai shekara kusan sittin, tana sayar da kayan miya a Farin Gada, kuma rabin kabejin lambun Datong ita ke ɗauka. A gidan Musulmi ta tashi. Shekara tara tana zuwa cocin nan, ba ta yi baftisma ba, don ta ce ba za ta sa tsohuwarta kuka ba tana raye. Tsohuwar ta rasu bara. Bana sunan Iya Seyi yana cikin mutum goma sha huɗu da za a yi wa baftisma ranar Asabar, washegari su ci jibinsu na farko.

“Baban Yael,” takan ce masa, “ni da kai rana ɗaya za mu shiga. Wannan dutse ya nemi wasu masu zama.”

Cikin ayyukan da horo ya raba shi da su har da gora. Wata doguwar gora ce, ta fi tsawon mutum biyu, ana ajiye ta a bayan ƙofar ɗakin dattawa. Shekara ashirin da biyu Datong ne ke ɗaukarta ya je ya auna ruwa kafin baftisma, domin cocinsu ba ya yayyafa wa mutum ruwa a ka, nutsar da shi ake yi gaba ɗaya, kuma a tafkin Naraguta ake yi.

Tafkin nan ba tafkin Allah ba ne. Ramin kuza ne da kamfani ya haƙa ya bari tun kafin a haifi Datong, ruwan sama ya cika shi. Ba wanda ya taɓa taɓo ƙasansa. A gefen gabas kawai ake iya shiga, inda wata gangara da motocin kamfani suke bi a da take sauka a hankali cikin ruwa. Tana tafiya, tana tafiya, sai ta yanke tsaf. Datong ya kafa turken ƙarfe a daidai inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji, kuma ya san daga turken zuwa bakin ramin taku goma sha uku ne. Ya sani domin da ƙafarsa ya ƙidaya.

Amma wannan lissafin na watan Oktoba ne, bayan damina, lokacin da aka saba yin baftisma. Bana an kawo sabon Rabaran, matashi siriri mai himma, ya ce ya fi kyau a yi ta gab da Ista, sababbi su tashi tare da Ubangiji. Magana mai daɗi, kowa ya ce amin. Ba wanda ya tuna cewa a watan Maris injinan masu lambu sun yi wata biyar suna zuƙar tafkin dare da rana. Datong ya tuna, don ɗaya daga cikin injinan nasa ne. Turken ƙarfe yanzu yana tsaye a ruwan da bai wuce idon sawu ba.

Ranar Laraba da la'asar yana tsugunne cikin kabejinsa a bakin tafkin ya ga an zo da gorarsa. Kunle ne ya riƙo ta, wanda kwamiti ya ba aikin. Ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kirki, mai tsabta, irin wanda ke naɗe wando sau uku daidai wa daida kafin ya taka ruwa. Ya wuce turken bai ko kalle shi ba. Datong ya bar abin da yake yi ya fara ƙidaya. Biyar, ruwa a gwiwa. Tara, a ƙugu. A taku na goma sha biyu ruwa ya kai ƙirjin Kunle, ya yi murmushi, ya soka wani sanda mai farin ƙyalle a laka.

Datong bai san lokacin da ya isa bakin ruwa ba.

“Malam Kunle! Ja da baya!”

“A'a, Baba Datong, sannu da aiki. Na samu wurin, daidai ƙirji.”

“Rami yana bayan wurin nan. Miƙa gorar gaba ka ji.”

Kunle ya karkata gorar kaɗan ya caka. Ta taɓa laka, domin a kan leɓen ramin ta sauka. Da ya ƙara tsawon hannu ɗaya da ya ji abin da Datong ke faɗi, amma bai ƙara ba.

“Ga ƙasa nan, Baba.” Ya fito yana matse riga, yana kauce wa idon Datong. “Abeg, don Allah kada ka sa ni a matsala. An ce kada mu yi maganar aikin coci da kai. In akwai wani abu, ka gaya wa Baba Pwajok.”

Ya ɗaure gorar a jikin mota ya tafi. Farin ƙyallen ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar koren ruwa, ko motsi ba ya yi, don ranar babu iska.

Washegari da safe Datong ya je gidan Pwajok. Tsohon malamin makaranta ne, abokinsa tun suna samari, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin Suzana a kafaɗa. Ya saurare shi tsaf har ya gama. Sannan ya matso kamar zai gyara kujera, ya kawo hancinsa kusa da bakin Datong ya shaƙa. Datong ya gani, ya ji kamar an mare shi, ya haɗiye.

“Ban sha komai ba, Pwajok.”

“Ban ce ka sha ba. Me kake so a yi?”

“A ɗaga zuwa Oktoba. Ko a yi a ruwan gwiwa, mutum ya durƙusa a nutsar da shi.”

“Mutum goma sha huɗu sun ɗinka fararen kaya. An gayyato dangi har daga Bukuru. Rabaran ya yi sanarwa sau uku. In je in ce masa a fasa saboda me? Kunle ya auna, ya kawo rahoto a rubuce.”

“Zurfi ya auna. Bai auna abin da ke bayansa ba.”

Pwajok ya daɗe yana kallonsa, kallon tausayi, wanda ya fi na faɗa zafi.

“Datong, gorar ce ke cinka. Shekara ashirin da biyu, na sani, ba daɗi ka ga wani ya riƙe ta. Kwana uku ya rage maka. Na roƙe ka saboda Allah, saboda Suzana, kada ka ɓata. Akwai waɗanda suka so a ba ka shekara guda, ni na tsaya maka. Ka zo ranar Asabar ka tsaya a gefe kamar kowa. Zan ɗan taɓa wa Rabaran maganar.”

Datong ya san wannan “ɗan taɓa” na Pwajok, tun suna samari bai taɓa isa inda aka aike shi ba. Abin da ya fi damunsa a hanyar komawa shi ne akwai gaskiya a maganar. Ya ji zafi da ya ga gorar a hannun Kunle. To, ko zafin ne ya ƙara masa taku ɗaya a lissafi?

Ranar Juma'a da tsakar rana, sa'ad da sauran masu lambu suka fake a inuwa, ya tuɓe riga ya shiga ruwan kamar mai duba tiyon injinsa. Ya taka har gindin farin ƙyallen bai taɓa shi ba, tunda shi ma kayan ikilisiya ne. Ya tsaya inda Rabaran zai tsaya, ya miƙa ƙafar hagu baya a hankali. Taku ɗaya, akwai ƙasa. Ya ƙara tafin ƙafa guda, babu komai. Wani sanyi ne kawai ke tasowa daga ƙasa, ba irin na ruwan sama-sama da rana ta ɗumama ba. Ya danna leɓen da diddige. Wani gutsuren yumɓu ya ɓalle ba ƙara, kumfa ta taso a gefensa, ya jira ya ji ya sauka a wani wuri, bai ji ba.

Da ya fito sai ya tarar da Iya Seyi zaune a kan buhunan kabeji tana fifita da gefen zane.

“Baban Yael, wanka kake yi a dam da rana tsaka? Ni ko kallon ruwan nan ba na so.” Ta yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. “Gobe za ka zo, ko? In na ga fuskarka hankalina zai kwanta. Ni fa tsoron ruwa nake ji. In na tsorata, duk abin da hannuna ya samu damƙewa nake yi, ko mutum ko itace.”

“Zan zo,” in ji Datong.

Ya so ya ce mata kada ta shiga. Ya dubi fuskarta, shekara tara tana jiran goben nan, ya kasa. Ya taya ta ɗora buhuna a mota, ya koma ya kashe injinsa, ko da yake ya san kashe inji ɗaya a yini ɗaya ba zai ƙara wa tafkin ko yatsa ba.

Asabar ta zo da zafi tun da hantsi. Gajimare ya taru a gabas yana nan tsaye, ba ya zuwa ba ya tafiya. Matan zumunta suka iso cikin zanensu iri ɗaya, suna buga tulu da caki, masu baftisma a bayansu cikin fararen kaya. Datong ya tsaya nesa kaɗan, gindin wata bishiya, inda ya kamata mai horo ya tsaya.

Al'adar cocin ce maza masu cin jibi su jera a cikin ruwa, hannu cikin hannu, tun daga gaɓa har wurin Rabaran, mai baftisma ya bi jikinsu yana dafawa. A Oktoba mutum tara sukan isa har su yi saura. Yau mutum taran nan sai da suka buɗe hannuwa iyakar buɗewa, wasu da yatsu kawai suke riƙe da juna. Pwajok yana na uku daga gaɓa. Kunle ne na ƙarshe, ya kafa gorar a tsaye da ɗaya hannun kamar mai riƙe tuta. Rabaran ya isa gindin farin ƙyallen ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ba ramin baya.

Datong ya san yadda ake nutsar da mutum. In mai baftisma ya yi nauyi, ko ya firgita, mai nutsarwa yakan ja ƙafa baya ya tokare. Kowane Rabaran haka yake yi, bai ma san yana yi ba. Shi ya sa shekara ashirin da biyu Datong yake tsayawa a bayansu.

Ya tuna farar rigar da Yael ta aiko masa don gobe, tana rataye a ƙusa cikin leda. Ya tuna hannun da za a miƙa masa. Yini ɗaya ya rage. Tsoro ya kama shi sosai, kuma ba na ramin ba ne, na bencin nan ne marar majingina. Ya tsaya har Rabaran ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Sannan ya cire takalmansa ya ajiye su a jere.

Bai bi ta jerin mazan ba, ta gefe ya ratsa. Tulu ɗaya ya yi shiru, sai na biyu, waƙar ta rarrabu ta mutu. Ya ji wata mata ta ce, “Wayyo, ya sake sha.”

“Datong!” Muryar Pwajok ce. “Fito! Datong, na ce ka fito!”

Bai waiwaya ba. Ya zagaya bayan Rabaran, ya lalubi leɓen da ƙafa, ya ɗora diddigensa a kai, ya kafe yatsunsa cikin laka.

“Baba,” in ji Rabaran ƙasa-ƙasa, bai juyo ba, “ka san abin da kake yi wa kanka?”

“Na sani, Rabaran. Ka ci gaba. Kada dai ka ja da baya.”

Rabaran ya dubi jama'ar da ke gaɓa, har da baƙi, ya ga fitar da tsoho da ƙarfi daga cikin ruwa ya fi barinsa zama abin kunya. Ya yi wa mata alama, tuluna suka ɗauka, amma ba kamar da ba.

Na farko ya zo, aka nutsar da shi, ya taso yana tari, aka yi guɗa. Na biyu. Ta biyar wata yarinya ce marar nauyi. Rana na dukan kan Datong, ƙirjinsa cikin ruwa mai ɗumi, ƙwaurinsa cikin wancan sanyin da ke tasowa daga rami. A wajen na takwas ya ji yumɓun da ke ƙarƙashin diddigen hagu ya ɗan sauka. Ya gyara tsayuwa. A na goma sha ɗaya ya sake sauka. Ba wanda ke kallonsa yanzu sai Pwajok, shi ma in sun haɗa ido sai ya kawar da kai. Mutum goma sha uku suka wuce lafiya, Rabaran bai ja da baya ko sau ɗaya ba. Datong ya fara tunanin ya zubar da wata shida a banza, gobe kowa zai ce gorar ce ta ci shi.

Iya Seyi ce ta ƙarshe. Ta taho tana damƙar kowane namiji a jeri har sai ya yamutsa fuska. Da ta iso ta hango Datong ta kan kafaɗar Rabaran, ta yi ƙoƙarin murmushi. Rabaran ya tambaye ta ko ta ba da gaskiya, ta amsa. Ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da ita.

Ruwa na rufe fuskarta ta zabura. Ta taso da ƙarfinta duka ta sarƙafe wuyan Rabaran da hannu biyu. Siririn mutum ya yi taga-taga, ya ja ƙafa ɗaya baya, ya ja ta biyu, bayansa ya daki ƙirjin Datong da nauyin mutum biyu. Datong ya sa kafaɗa ya ingiza su gaba da duk abin da ya rage masa. Ya ga sun faɗa jikin Kunle. Sai ƙasar da yake kai ta tafi.

Ba faɗuwa ya ji ba, ja ya ji. Yumɓun da ya ɓalle yana gangarawa yana tafiya da ƙafafunsa. Hasken sama ya koma kore, ya koma duhu-duhu, kunnuwansa suka toshe, sanyin ya kama shi har ƙashi. Ya iya iyo, amma iyo na son mutum ya san ina ne sama. Yana ta wutsil-wutsil wani abu mai tauri ya goge shi a kunci. Ya kai hannu, ya ji gaɓoɓin da tafinsa ya sani shekara ashirin da biyu. Ya damƙe da hannu biyu.

Daga baya aka ce Kunle ya zura gorar duk tsawonta, ya bi ta da hannunsa har kafaɗa, har fuskarsa ta shiga ruwa, bai taɓa ƙasa ba. Mutum taran suka ja, mata uku suka faɗa ruwa da zanen zumunta suka kama na farko a ƙugu. Haka aka fito da shi.

A gaɓa ya yi ta aman koren ruwa. Kunle yana zaune a laka yana kallon gorar, wandonsa ya warware. Farin ƙyallen babu shi, babu sandan, wurin da suke ya bi ramin. Iya Seyi tana kuka tana kiran sunan Yesu da Yarabanci. Pwajok ya zo ya tsaya a kan Datong, idonsa ja. Ya miƙo hannu zai ɗaga shi, sai ya dubi hannun, ya dubi mutane, ya kama shi ta gwiwar hannu.

Ranar Ista Datong ya sa farar rigar. Ya zauna a bencin baya da wuri, ƙirjinsa na zafi in ya ja numfashi. Mutane suna wucewa suna yi masa sannu da ka, wasu mata har da ƙwalla. Sababbin masu baftisma suna jere a bencin gaba, ya hango farin ɗankwalin Iya Seyi ya fi na kowa tsawo.

Bayan wa'azi sakatare ya miƙe da takarda. Ya ce kwamiti ya zauna jiya da yamma. Ikilisiya tana gode wa Allah da ya tsare rayuka. Tana gode wa ɗan'uwa Kunle saboda hanzarinsa. Daga yanzu za a koma yin baftisma a watan Oktoba. Ya juya takardar, ya yi gyaran murya.

“Game da Datong. Kwamiti ya ga kyakkyawar niyyarsa, kuma ba zai manta ba. Amma ya shiga aikin ikilisiya yana ƙarƙashin horo, bayan an gargaɗe shi, a gaban jama'a. In mai horo shi zai zaɓi ranar da horonsa zai tsaya, to babu horo ke nan. An ƙara masa wata uku.”

 Pwajok yana kallon takalmansa. Rabaran ya rufe ido kamar mai addu'a. Datong ya jira wani ya yi tari ko ya motsa, ba wanda ya yi. Bai ji haushi ba, abin mamaki. Gajiya ya ji, da wani kaɗaici da bai ji irinsa ba ko ranar da aka binne Suzana, domin ranar suna kewaye da shi.

“Waɗanda ba sa cin jibi su ba mu wuri.”

Ya tashi ya fita. Baƙi suka watse zuwa bakin titi. Aka rufe ƙofa, ya ji sakata ta shiga. Ya je ya zauna a kan dutsen, gefen da ya saba, ya bar ɗaya gefen ba kowa. Gajimaren jiya yana nan a gabas, ya ƙara baƙi. A ciki aka fara waƙar jibi a hankali.

Ba a kai baiti na biyu ba ya ji an zare sakata. Iya Seyi ce ta fito, cikin fararen kayanta, tana tafe tana haki, mai tsaron ƙofa yana bin ta da kallo baki buɗe.

“Iya Seyi, koma,” in ji Datong. “Yanzu za a raba. Shekara tara kina jira.”

“Wanda ya jira shekara tara, wata uku zai kashe shi? Na ce maka rana ɗaya za mu shiga.”

“Za su kira ki gaban kwamiti.”

“Su kira. Ina da baki.” Ta tsaya a gabansa ta goge tafinta a jikin zane. “An ce mai cin jibi ne kawai yake ba da hannun zumunci, ko ba haka ba? To, tun jiya ni 'yar gida ce. Kawo hannunka, Baban Yael.”

Ya dube ta, ya dubi ƙofar da ke buɗe, mutanen benci biyu na ƙarshe duk sun juyo suna kallo. Ya miƙa. Ta kama da hannu biyu, irin damƙar nan tata, har yatsunsa suka yi ƙara. Wata shida rabon da wani ɗan cocin nan ya riƙe masa hannu. Ya sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a farar rigar.

“Matsa min,” ta ce. “Dutsen ba naka kaɗai ba ne.”

Ya matsa, ta zauna da nishi, ba ta saki hannun ba. A bayansu mai tsaron ƙofa ya ɗan jira, ko za ta canja ra'ayi. Sannan suka ji ya tura ƙofar, ya sake zura sakata.